Hujin Ƙarshe a Katin Kawu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Kawuna, wan mahaifiyata, ya amsa kira ranar wata Laraba da hantsi a gidansa na Boɗinga, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Kwana uku na yi a zaurensa ina karɓar gaisuwa tare da 'ya'yansa, kuma tun da nake ban taɓa ganin zaman makoki mai fuska biyu irin wannan ba. 'Yan makaranta sun zo, waɗansu daga sakandare, waɗansu daga kwalejin horon malamai. Su kukansu suke yi ba ɓoyo. Wata da ke koyon aikin jinya ta shige cikin gida ta faɗa jikin matar kawu, wadda muke kira Inna, sai da aka ɓamɓare ta. Amma manya, sa'o'in kawu da waɗanda suka yi ƙungiya da shi, gaisuwarsu gajera ce. Su shigo, su yi addu'a, su shafa, su saci kallon juna, su tashi.

Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Allah shi gahwarta mai. Ɗan Adam ajizi na, kowa da nashi." A bakin ƙofa kuma na ji wani yana ce wa abokin tafiyarsa, "To, yanzu dai ya tahi inda ba a saida sunan kowa." Ɗayan ya zungure shi ya ce, "Yi kurum, ga ɗan ƙanwa tai nan."

Da sun sani ba su ji nauyina ba, domin maganar da suke yi ni na fara furta ta a bainar jama'a. Abin da ake faɗa shi ne, kawu ya tattara sunayen gidajen mutane da sunan taimakon 'yan makaranta, sa'an nan ya miƙa wa 'yan siyasa a shekarar zaɓe. Da wannan tabo ya yi sauran kwanakinsa, da shi aka binne shi. Na ɗauki alƙalami ne don kada a ci gaba da tuna shi da abin da ni na shafa masa.

Kawu akawun asibiti ne, a ɗakin kati ya yi aiki har ya yi ritaya. Aikin ya bar masa hali biyu: ba ya yar da takarda, ba ya kuma yarda da baki. In ka ce masa an yi ruwa a Mandera, sai ya dubi takalminka. Maganarsa kullum ita ce, "Na ji, saura in gani." Ko Inna ce ta ce gishiri ya ƙare sai ya leƙa kwano. Wata rana ta ce masa, "Malam, ko mutuwa niy yi sai ka taɓa ka ji sanyi kan ka yarda." Ya ce, "Ai haka anka koya muna asibiti." Ta bi shi da harara, shi kuwa ko a jikinsa.

Yana da wani hali da ya jawo masa magana. Daga bazara har a yanke gero ba ya cin abinci a gidan kowa. Ko fura aka kawo masa sai ya dafa ciki ya ce gyambo. Mutane suka ce tsoron sammu yake yi. Ni dai na sha ganinsa a gidansa yana lodar tuwon dawa da yaji, gyambon bai ce uffan ba. Haka ya zauna da jama'a: yana tuhumar kowa, kowa yana tuhumarsa, amma in abu ya ɓaci shi ake nema.

A farkon mulkin farar hula makarantun firamare sun cika har sun tumbatsa, an gina azuzuwa, an kwaso yara. Mu ma'aikatan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari muka kafa ƙungiyar taimakon kai da kai. Akwai malaman makaranta, da malaman asibiti, da malamin gona, da direbobi biyu. Mutanen gari suka sa mata suna kulob. Ran Asabar mukan fita mu cike ramukan hanya, mu share maƙabarta, mu gyara rufin ajin da iska ta yaye, in rashin lafiya ya yi tsanani mu kai mutum Sakkwato. Ni a lokacin ina koyarwa a Lambara, aka ba ni sakatare. Kawu aka ba shugabanci, don shi ne babba, kuma shi kaɗai ke da lokaci.

Bai daɗe ba ya fara ƙorafi. Muna kan tsani muna buga kwano, yana ƙasa yana leƙen aji. Ya ce, "Kuna ta gyaran ruhi, yara na yoyo ta ƙasa. Ajin ga yara nawa anka sa hwarkon shekara? Nawa sunka rage? Wa yas sani?" Ba wanda ya sani. Ya ce ya ji labarin wani inji mai ƙwaƙwalwa a jami'a, wanda ake ba shi katuna masu huje-huje ya fitar da amsa. "Mu ba mu da wuta, ba mu da inji," in ji shi, "amma muna da kwali."

Ga yadda ya yi. Ya yanka kwali daidai tafin hannu, kowane ɗan aji biyar da aji shida da katinsa: sunansa, sunan mahaifinsa, unguwarsu, da makin da ya ci. A bakin katin ta sama ya sa baduku ya yi huji goma sha biyu a jere, kowane huji da abin da yake nufi. Na farko mai fashi ranar kasuwa, na biyu mai fashi lokacin albasa, na uku maraya, na huɗu mai nisan gida, na biyar mai ƙoƙari a lissafi, haka dai. In abin ya shafi yaro, sai a tsaga hujinsa da almakashi har baki. Duk katunan suna jere a akwatin katako. In kana son sanin yaran da albasa ke hana su zuwa, sai ka zura wayar ƙafar keke ta huji na biyu, ka ɗaga, ka girgiza. Waɗanda aka tsaga su zubo, sauran su rataye a waya. Ranar da na fara gani na yi dariya, na ce kawu ya koma boka. Da katunan suka zubo na ga sunayen yaran ajina da ni kaina ban lura sun ɓace ba, dariyar ta tsaya.

Mu malamai ke kawo masa bayani duk ƙarshen mako, shi kuma ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi makarantu ya tabbatar, don bai yarda da mu ba. A wata makaranta ya samu rajista cike, ba fashi ko ɗaya wata guda cur. Ya dubi hedimasta ya ce, "Ranka shi daɗe, garin ga ba a ciwon kai? Ba a biki?" Hedimasta ya fusata ya hana shi shiga harabar. Kawu bai yi musu ba. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin dogon yaro a ƙetaren hanya, kwana uku yana ƙirga masu shiga. A rana ta huɗu hedimasta da kansa ya aiko masa da kujera. Daga nan kawu ya samu karin maganarsa: "Rajista ta malam ta, kati na yaro na."

Amfanin katin shi ne ya nuna mana inda za mu kai ƙarfinmu. Ba zan manta da gayyar farko ba. Waya ta zubo da katin wani ɗan aji shida sau biyu, a hujin albasa da hujin lissafi. Mahaifinsa manomin albasa ne a Lambara, dogon mutum mai ji da kansa, wanda ko sallama sai ya ga dama yake amsawa da ƙarfi. Muka same shi a fadama da sassafe, mu goma.

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wa yac ce muku ina biɗan taimako? Ko haraji kunka zaka ƙirga?"

Kawu ya ce, "Ba kai munka zo taimako ba. Ɗanka muka biɗa, aro, har shi yi jarrabawa. Ga hannuwa ishirin madadin biyu nai. In ka ga an cuce ka, hwaɗi."

Mutumin ya nuna mana fangalan albasa da haɓa. Muka yi dashe har azahar, hannuwan alli suka yi ƙanta, yana binmu a baya yana gyara abin da muka ɓata, yana cewa da ma boko ba ta bar wa mutum ƙugu. Yaron ya koma aji, ya ci jarrabawar shiga sakandare. A shekarun nan mun yi irin wannan gayya ba adadi, muka kuma buɗe darasin la'asar ga waɗanda katinsu ya nuna sun yi baya.

Huji goma sha ɗaya kowa a kulob ya san ma'anarsu, an rubuta a murfin akwati. Na goma sha biyu, na ƙarshe, ba a rubuta komai a kansa ba. Kawu kaɗai ke tsaga shi, kuma ba ya zura waya a cikinsa a gaban kowa. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Wanga nawa na." Na sake tambaya bayan wata biyu, ya ce, "Sakatare, an ba ka biro, ba a ba ka cikina ba." Na yi dariya a fuska, amma abin ya tsaya mini a rai. Ni mutum ne da ba na son a rufe mini ƙofa, kuma a lokacin ina ganin karatuna ya fi nasa.

Sai shekarar zaɓe ta biyu ta zo da duk masifarta. Ruwa ya yi gardama, kaya suka yi tsada, albashinmu ya tsaya wata da watanni. Gari ya rabu, wa da ƙane ba sa cin tuwo kwano ɗaya. A cikin wannan hali aka ga motar wani ɗan takara a ƙofar gidan kawu, ba sau ɗaya ba, sau biyu. A zuwa na biyu aka sauke buhunan gero da rana tsaka, kowa yana gani. Ni kuwa kowa ya san ba na tare da jam'iyyar mutumin, har na yi suna wajen zaginta a mahauta da tashar mota.

Bayan zaɓe aka raba takin zamani na noman albasa, waɗansu gidaje suka samu, waɗansu aka tsallake su kamar ba a san da su ba. Nan magana ta tashi. Wa ke da sunan kowane magidanci da unguwarsa a rubuce? Wa aka kai wa gero? Iyaye suka fara tare mu a hanya suna cewa a cire musu sunan 'ya'yansu daga akwati. Ni kuma na zauna na haɗa ɗaya da ɗaya: ga mota, ga buhuna, ga hujin da ba a faɗar ma'anarsa. Na ce biri ya yi kama da mutum. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, na san wannan sarai, amma ina jin daɗin cewa ni ne mai wayon da ya gano.

Aka kira taron kulob a Shagari, a inuwar dogon yaro, ran wata Asabar da hantsi. Iyaye suka cika wurin ba a gayyace su ba. Kawu ya zo da akwatin ɗaure a bayan babur, ya ajiye shi a kan tebur, ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma. Na miƙe. Ban ma gaishe shi yadda ya kamata ba.

Na ce, "Kawu, jama'a na son su ji. Hujin ga na ƙarshe, mi shika nuhi?"

Ya ce, "Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba."

Na ce, "Geron da anka sauke ƙohwar gidanka hwa?"

Ya ce, "An sauke."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Na buɗe akwatin, na ɗauki wayar, na zura ta huji na goma sha biyu, na ɗaga na girgiza. Katuna suka zubo a kan tebur, da ɗan yawa. A nan ne kawu ya ɗaga kai. Tun da nake bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Ya ce, "Ɗana, kak ka karanta."

Na karanta. Sunan yaro, sunan uba, unguwa. Ina kiran suna, jama'a suna amsawa, "Bai samu taki ba!" Na kira na biyu, "Shi ma bai samu ba!" A cikinsu har da ƙanen yaron nan mai lissafi, ɗan manomin albasa na Lambara, uban yana tsaye a bayan taro ya harɗe hannuwa. Na karanta takwas. Na ɗauki na tara, sai na ga sunan ɗiyata ta fari da ke aji biyar, da nawa a ƙarƙashi. Na ɗaga katin sama na ce, "Kun gani? Har ni, ɗan ƙanwa tai!" Wannan ya gama shari'a. Ba wanda ya nemi a karanta sauran.

Magidantan nan takwas duk suna wurin, ba wanda ya ce komai a cikinsu. Na ɗauka baƙin ciki ne ya hana su magana. Kawu ya miƙe, ya laluba takalminsa, ya bar akwatin a kan tebur, ya tura babur ɗin sai da ya yi nisa kafin ya tayar da shi. A ranar aka sauke shi daga shugabanci.

Na koma gida da la'asar ina jin kaina kamar wanda ya kashe kura. Labari ya riga ni. Na tarar da maiɗakina tana daka a tsakar gida, ba ta yi mini sannu da zuwa ba. Ta jingine taɓarya ta ce, "Geron ga da nika daka, kai kas sawo shi?"

Na ce, "Wace irin tambaya ta wagga?"

Ta ce, "Yaushe rabonka da auno ko tiya guda? Wata huɗu. Kana ta yabona gaban abokanka, wai na iya tattali. Tattalin mi? Inna ka aiko da shi duk Alhamis, tac ce in surhe mata, in riƙe rabi ladan hannuna. Inna da ɗiyanta mata ukku cikin gida, ita ab ba ta da mai surhe?"

Na zauna a bakin turmi. Ta ce duk matan da ta sani a cikin sunayen da na karanta haka ake yi da su. Wata a ba ta surfe, wata a ba mijinta jigilar yashi da jaki a biya shi da hatsi fiye da aikinsa. Huji na goma sha biyu gidajen da rumbunsu ya ƙare ne. Shi ya sa sunayen suka dace da waɗanda ba su sami taki ba. Wanda ba shi da kowa a sama shi ake tsallakewa a rabo, kuma shi ne rumbunsa ke fara ƙarewa. Ba sai an duba kati ba kafin a san shi. A nan na gane gyambon kawu: ba ya son ya rage wa wani gida ko loma ne a lokacin da hatsi ke ƙaranci.

Kashegari da safe na hau motar kasuwa zuwa Boɗinga. Na sami kawu a zaure yana ɗinke buzunsa. Na durƙusa na kasa haɗa gaisuwa. Ya bar ni na gama kukana, bai ce in yi haƙuri ba, bai kuma ce ya yafe ba sai daga baya. Na tambaye shi yadda aka yi ya san halin gidana, alhali ko mahaifiyata ban gaya wa ba.

Ya ce, "Randar ruwa ta makaranta nika kallo. Yaron da yash sha ruwa sau ukku kahin a hita tara, ba ƙishirwa shika ji ba, ciki shika cikawa. Ɗiyakka sau huɗu tas sha ran da niz zo. Kana gaban allo, ka ba ta baya."

Na tambaye shi geron ɗan takara. Ya ce, "Na amsa. Yunwa ba ta da jam'iyya. Ya biɗi katunan, bai samu ba."

Na ce, "To mi kac ce mai har yab bar maka buhunan?"

Ya ce, "Wanga tsakanina da shi da Allah."

Har yau ban san abin da ya faɗa wa mutumin ba, kuma ba zan ƙirƙira don in ƙawata shi ba. Inna dai ta rantse mini akwatin bai taɓa kwana a wani wuri ba, kuma ba baƙon da ya taɓa buɗe shi. Na yarda da ita.

Na ce zan tara jama'a in wanke shi. Ya ajiye allura ya dube ni kamar yadda yake duban rajistar da bai yarda da ita ba. Ya ce, "Ka riga ka karanta sunaye gaban duniya. In ka wanke ni, ka tuɓe su. Magidanci takwas, kowa da ɗiya mata da za a zo biɗa, kowa da surukkai. Gara a ce tsoho ya ci amana da a ce sun kasa ci da gida. Ni nawa yar rage min?" Ya sa na yi alkawari ba zan buɗe baki ba muddin yana da rai. Bayan ransa ma, sai in su takwas ɗin sun yarda da bakinsu.

Na riƙe alkawarin, kuma gaskiya ban sha wuyar riƙe shi ba, don ni ma ya rufe ni. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai yanzu. Soja suka karɓi mulki, siyasa ta mutu, amma zargin bai mutu ba. Damina biyu kawu ya yi ana amsa masa sallama a taƙaice. An ɗaura aure a unguwarsu ba a kai masa goro ba. Akwatin ya dawo hannuna, na yi ƙoƙarin ci gaba, iyaye suka ce ba a sake rubuta sunan ɗan kowa. Kulob ya koma cike ramukan hanya. Yara suka ci gaba da zubewa, ba mai sanin nawa ne ko su waye. Surfen Inna kuwa bai fasa zuwa gidana ba sai da aka yanke gero, kuma na ci.

Da aka yi sadakar arba'in na fara bin gidajen nan takwas. Na yi zaton zan sha wuyar bayani, sai na tarar ba wanda ke bukatar bayani. Kowa in na fara sai ya kau da kai ya ce in yi abin da na ga ya dace. Ɗaya ya tafi cin rani, na aika masa, ya aiko da amincewa. Na bar manomin albasa a ƙarshe don shi nake tsoro.

Na same shi a fadama yana ban ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye, ya katse ni. Ya ce, "Malam, tun suna na biyu nig gane. Geron tsohon ga na cikin cikina sa'ad da kaka karatu. Ina tsaye ina kallo shina laluben takalmi nai, ban buɗe baki ba. Kai zato kay yi, ba ka sani ba. Mu mun sani."

Na ce ina so in rubuta, in ya yarda.

Ya ce, "Rubuta. Amma wa ka karanta takarda nan? Ran Juma'a ka zo Shagari, ka tsaya kusa gare ni."

Na je. Da aka sallame sallar Juma'a, kafin sahu ya watse, ya miƙe da tsawonsa ya nemi a saurare shi. Mutane suka juyo. Na ga ya shirya magana mai tsawo. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Jama'a, shekarar zaɓe gidana ba hatsi. Geron marigayi Malam mai akwatin kati munka ci. Abin da hujin nan ka nuhi ke nan." Ya tsaya yana kallon ƙasa, mutumin da ko sallama ba ya amsawa sai ya ga dama.

Na miƙe na ce, "Ni ma shi nic ci. Kuma ni niy yi mai ƙazahi."

Can daga baya wani ya ce, "To buhunan hwa, banza anka ba shi?" Liman ya ɗaga hannu ya ce a yi wa mamaci addu'a, aka yi. Na duba gefe na ga mutum biyu daga cikin takwas ɗin nan sun miƙe tsaye a inda suke, ba su kuma zauna ba har aka shafa.

Allah, kawuna ya rufa wa bayinKa asiri da mutuncinsa, Ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufewa sai Kai. Ka yalwata kabarinsa, Ka ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma da ya ce kada in karanta na karanta, Ka yafe mini.